Hawainiyar Auta

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta dawo gida yau. Akwatunanta, da wani kwali mai huji a sama wanda ta hana direba ya taɓa. Auren ya mutu. Iyakar abin da ta gaya min ke nan, shi ma a tsaye ta faɗa tana cire takalmi. Na ce me ya faru? Ta ce, "Mama, na gaji." Na ce to me ke cikin kwalin? Ta buɗe. Hawainiya. Koriya shar, wutsiya a naɗe, ido ɗaya a kaina ɗaya a sama. Mace ta baro gidan miji ba ta ɗauko tukunya ba, ba ta ɗauko labule ba, sai hawainiya. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Laraba, 5 ga Maris

Kafinta ya zo auna kusurwar baranda, keji za a yi wa baƙuwar. Auta ta ce ban da gilashi, raga za a sa ta kowane gefe don iska ta ratsa, kuma ya yi tsawo ba faɗi ba, tunda hawa take yi. Abin da na lura, bai yi mamaki ba, bai tambayi komai ba, har katakon ya zo da shi a yanke. Da ya fita na tambaye ta, ta ce tun watan jiya suka yi magana a waya. Tun watan jiya. Wato kafinta ya san 'yata za ta dawo kafin ni uwarta in sani.

Asabar, 8 ga Maris

An kafa keji, ya kusa kai ni tsawo. Rassa a gicciye, shuka mai faɗin ganye a tukunya, fitila biyu a sama, ɗaya ta ɗumi, ɗaya doguwa wai don ƙarfin ƙashi. Don tausayi na sa mata ruwa a ɗan kwano, Auta ta cire. Wai ba ta shan ruwan da ke kwance, sai ɗigon da ke kan ganye, shi ya sa take fesa ganyen safe da yamma. Dabba ma da iyayi.

Abincinta gyare ne, rayayyu, suna cikin roba a ƙarƙashin teburin guga suna ta kuka. Kafin ta zuba mata su sai ta barbaɗa musu wani farin gari daga kwalba marar rubutu. Yarinyar da ke aiki a kantin magani, da farin gari a kwalba marar rubutu.

Lahadi, 9 ga Maris

Na ɗanɗana garin Auta tana wanka. Alli ne, ko ɗan'uwansa. In akwai abin da tsohuwar malamar makaranta ta sani a duniya, ɗanɗanon alli ne.

Alhamis, 13 ga Maris

Hawainiyar nan ba ta ƙaunata, kuma ba ta ɓoyewa. In Auta ce ta zo kusa, tana nan koriyarta. In ni ce, sai ta yi duhu, ta kumbura wuya, ta zagaya bayan reshe ta maƙale, ido ɗaya yana leƙena. Auta ta ce, "Ba ta son kallo ne, Mama, ki riƙa wucewa kawai." Na ce na yi shekaru ina tsaron zauren jarrabawa, kuma duk wanda ba ya son kallo akwai abin da ke ƙarƙashin bencinsa. Na ce ta dai gaya mata, hawainiyarta ta kiyayi ramata. Na zaci za ta yi dariya. Da, dariya take yi.

Dabbar nan ta san abin da ya faru a gidan can, ni ban sani ba. Wa ma ya ba ta ita?

Talata, 18 ga Maris

Auta ta fito daga kicin ta same ni da wayarta a hannu. Na ce tebur nake gogewa. Ta dubi hannuna, babu tsumma. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce ta ga wani ɗakin haya kusa da wurin aikinta, mai gidan ya ce zai jira ta zuwa ƙarshen wata. "In ba za ki daina bina da ido ba, Mama, gara in koma can, mu riƙa gaisawa da mutunci."

Na ce Allah ya raka taki gona, na shige ɗaki. Ƙarya nake. Tun rasuwar babanta gidan nan ya yi min yawa, har da firji nake magana. Ba na so ta tafi. Tsoro nake ji, na rubuta a nan tunda ba mai gani.

Juma'a, 21 ga Maris

Hawainiyar ta daina cin abinci. Cikinta ya yi tulu, kuma ta bar rassanta ta sauko ƙasan keji tana kai da kawowa. Da yamma Auta ta shigo da baƙin bokiti cike da yashi mai danshi, ta sa a cikin kejin, ta zagaye rabin kejin na ƙasa da tsohon zanin gado. Ta ce hawainiyar ƙwai za ta yi, rami za ta haƙa, don Allah kada in ɗaga zanin.

Ƙwai, babu namiji? Ta ce kamar kaza. To, na yi kiwon kaji, na san haka ne. Amma da idona na ga ta cusa hannu cikin yashin har gwiwar hannu, ta daɗe, sannan ta shafe saman. Wai gwadawa take ko danshin ya isa rami ya tsaya bai rufta ba. Wai.

Na gaya wa maƙwabciyata. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin an yi wa ƙadangare labule ba, in ita ce sai ta duba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Litinin, 24 ga Maris

Auta na fita aiki na ɗaga gefen zanin. Tana cikin bokitin, kai a ƙasa, rabin jikinta ya shige yashi, tana turo shi baya da ƙafafu. Idon nan ya juyo ya same ni. Ta tsaya cak, ta ja da baya, ta haye reshe. Can an jima na sake leƙawa, ta koma, ta sake ganina, ta sake fita. Na ce to tunda kin fito, bari in ga abin da ake tsaro.

Na fito da bokitin na juye a kan buhu, na bi yashin da yatsu kamar mai tsince shinkafa. Yashi. Ɗan tsakuwa guda. Shi ke nan. Na mayar na shafe saman yadda na ga ta yi, na share baranda tas.

Talata, 25 ga Maris

Auta ta gane. Ramin da aka fara babu shi, yashin ya bushe ya saki. Ta daɗe a tsugune gaban kejin, sannan ta ce, "Me kika samu, Mama?" Na ce ba komai. Ta ce, "To." Ina jin ta a ɗaki tana buɗe akwati. Da ma ta yi faɗa, da na san abin da zan ce.

Alhamis, 27 ga Maris

Tun jiya hawainiyar ke zaune wuri ɗaya, ido a rufe da rana tsaka, riƙon reshen ma da ƙyar. Likitan dabbobi ya zo. Ya tattaɓa cikinta a hankali, ya ce ƙwan suna nan cike. Ya ce in tana haƙa ta ga ido a kanta, sai ta ɗauka an gano wurin, ta bar ramin. In aka yi ta yi mata haka sai ta riƙe ƙwan a ciki, kuma su ne ajalinta, sai dai a yi mata aiki, wanda ba kowacce ke tashi ba. Ya ce, "Wa ke leƙa ta?"

Na buɗe baki. Auta ta riga ni, ta ce gidan ne da yawan shige da fice. Gidan da daga ni sai ita. Da ta nuna ni da yatsa da ya fi min sauƙi.

Ya yi mata allura, ya ce a sake sabon yashi, a rufe kejin duka, a bar sama kawai don fitila da iska, kada kowa ya duba. Da ya tafi Auta ta ce in hawainiyar ta mutu ba za ta iya kwana a gidan nan ba. Ba da fushi ta faɗa ba.

Juma'a, 28 ga Maris

Dole Auta ta je aiki. Ba ta roƙe ni komai ba, ko kallona ba ta yi ba. Na ja kujera na ajiye a bakin ƙofar baranda, na juya mata baya na zauna. Maƙwabciyata ta shigo wai ta zo ganin mai jego, bari ta ɗan leƙa. Na ce ba a leƙawa. Ta ce ai ɗan kaɗan. Na ce ta je ta leƙa tukunyarta, na ji ƙauri. Ta fita tana ƙunƙuni.

Wajen azahar na fara jin ƙarar yashi a bayana, kaɗan kaɗan, ta tsaya, ta ci gaba. Wuyana har ciwo ya yi don son juyawa. Ganyen na buƙatar ruwa, sai na miƙa hannu ta saman zanin na fesa, fuskata tana kallon bango. Duk wanda ya gan ni zai ce tsufa ya fara taɓa ni.

Asabar, 29 ga Maris

Shiru. Ba ƙarar yashi, ba motsi. Ko ta gama ne, ko ta mutu a ramin. Ban duba ba.

Lahadi, 30 ga Maris

Da safe Auta ta kira ni. Ga hawainiyar can a reshen sama ƙarƙashin fitila, ta saman zani ma ana ganinta, ta rame ta yamushe kamar jakar da aka zazzage, da yashi a ka. Ta rufe ramin ta daddale shi sumul. Auta ta fesa ganye, hawainiyar ta miƙo baki tana lasar ɗigon. Ta sha sosai.

Auta ta tone yashin da cokali, ga ƙwai farare ƙanana tuli guda. Ba za su ƙyanƙyashe ba, zubarwa za a yi. Duk wannan wahala a kan abin zubarwa. Ta zauna a ƙasa da cokalin a hannu tana hawaye, ni kuma na tsaya ban san inda zan sa hannuna ba. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Shi ma mijin nawa haka yake, Mama. Ko wanka na shiga sai ya duba wayata. Jakata, aljihuna, har kwandon shara."

Tambayoyi suka cika min baki. Tun yaushe, me ya sa ba ki faɗa ba, ya taɓa dukanki? Na haɗiye su. Na ce ta miƙo bokitin in wanke.

Litinin, 31 ga Maris

Ta ci gyare yau. Na wuce ta gaban kejin da kwandon wanki, ban tsaya ba, amma ta wutsiyar ido kamar koriya na gani.

Da yamma wayar Auta ta yi ƙara a falo, na ji ta gaishe da mai gidan hayar nan. Ina bakin ƙofar kicin, daga nan ana jin komai. Sai na tuna kwanuka sun taru. Na shiga na buɗe famfo har ƙarshe, ba don komai ba, maiƙo ne ya kama tukunyar. Na wanke, na ɗauraye, na sake ɗaurayewa.

Ban san abin da ta ce masa ba. Ta dai shigo daga baya ta ɗauki tsumma tana goge min kwanukan, ta ce gobe za ta yi dare a wurin aiki, ko zan fesa mata ganyen. Na ce in na samu sarari.