Taliya Mai Sanyi a Sansanin Dam

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya Kumasi, ya jikin Hajara? Mu nan Mafara sai godiya.

Injiniyan nan ɗan Japan da nake kai wa nama a sansanin dam ya gayyace ni cin abinci. Sai ga taliya sanyi ƙarara, har da ƙanƙara, da wani koren shayi babu sukari.  Ka san mu, ba a ba baƙo abinci mai sanyi sai an gaji da shi. Na ce shi ke nan, wani mahauci ya kai sukata, sallamata ake yi.

Na ce wa tafinta, "Tambayar mani shi, laifin me na yi da aka ba ni abinci mai sanyi?"

Injiniyan ya yi dariya har da hawaye. Wai a garinsu haka ake karrama baƙo lokacin zafi, tun safe yake sanyaya ta domina. Na cinye tas, kuma har yau ni ke kai nama.

Gai da yara, a sa mu a addu'a. In za ka ba da amsa kada ka tada zancen nan. In mai ɗakina ta ji, ta daina ɗumama mani tuwo ke nan.

Ƙanenka,
Bello