Babur ɗin ƙanƙara ya tashi

Daren Laraba, Nuzla

Alhamdulillahi, yau dai ya tashi. Kwana uku ina fama da tsohon babur ɗin ƙanƙara da kafilina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya sayo a gwanjo don ya hau rairayi da shi. Ya ce in bai tashi zuwa Alhamis ba, halas, zai kawo wani makaniki gareji.

Na canza fulogi, na wanke kafireta, na ja igiyar tayar da inji har kafaɗata ta sage. Ko ɗigon wuta babu.

Bayan la'asar Kawu Sale ya leƙo. Bai taɓa ganin irinsa ba, ko sifana bai ɗauka ba. Ya zagaya shi kawai ya ce, "Habu, in mutum ya faɗo daga kan abin nan, wa zai tsayar da shi?"

Sai ya nuna wani ɗan maɓalli kusa da kan babur. Ashe jar igiyar da ke haɗe da murfinsa, wadda na cire ran farko na ɗauka ado ce, ita ake ɗaura wa mahayi. In ya faɗo ta fizge murfin, wuta ta yanke. Ya danne da babban yatsa ya ce, "Yalla, ja." Ja ɗaya, hayaƙi ya cika gareji.

Ni inji nake kallo, shi mahayin yake tunani.

Da kafili ya iso ya tambayi wa ya gyara, Kawu yana goge hannu ya ce, "Makanikinka mana. Ni shayi na zo sha."