Maganin da Madina Ta Tambaya

Nguru, 4 ga Maris

Yaya Amatullah,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da aikin asibiti. Shekara uku ke nan ban taka Gashua ba, tun ranar da Yaya Ahmed ya ce kada ya sake ganina a ƙofar gida. A nan ina sayar da abinci kusa da tasha. Madina ake kirana.

Tambaya ce ta sa na rubuto, don ke ungozoma ce. Shekara biyu ina shan istirojin, maganin da ke sa jiki ya koma na mace, a hannun wata likita a Kano, jikina ya yi laushi, hankalina ya ɗan kwanta. Yanzu ta bar ƙasar. Wata ƙawata ta ce in ƙara da furojestaron, wai shi ke cika ƙirji. Gaskiya ne? Ba ni da wanda zan tambaya sai ke.

Ya Inna? Har yanzu ita ke shanya barkono da kanta?

Ƙanwarki,
Madina

Gashua, 15 ga Maris

Ridwanu,

Wa'alaikumus salam. Da sunan da Baba ya raɗa maka na saba, ka yi haƙuri.

Mu a asibiti, masu ciki muke ba furojestaron, idan ana tsoron ɓari. Game da masu irin halinka sai da na karanta, na kuma tambayi wani likita ba tare da na ambaci kowa ba. Ya ce istirojin ne ginshiƙin maganin. Shi wannan ƙarin, wasu sun ce sun ga amfaninsa, amma bincike bai tabbatar ba tukuna. Yana sa wasu kasala, wasu baƙin ciki. Kuma allurar tazarar haihuwa da ake sayarwa a kemis ba ɗaya suke da shi ba, kada wani ya ruɗe ka. Ka tuna hawan jini ne ya kwantar da Baba. Kada ka sha komai sai an gwada jininka.

Ban ce na fahimci hanyar da ka ɗauka ba. Amma ni na goya ka.

Inna tana nan. Ba ta ambatonka a gaban Yaya Ahmed.

Yayarka,
Amatullah

Nguru, 2 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Wasiƙarki ta makara, an riga an yi mini allurar nan. Mako biyu ina kuka a kan tukunya ba tare da dalili ba, ƙafata ta hagu kuma tana nauyi. Ba zan sake ba.

A cikin kwanakin nan na kasa daurewa, na shiga mota na zo Gashua. Na saka dogon hijabi na bi ta layinmu. Inna tana bakin zaure tana tsince barkono a tabarma. Na durƙusa na ce, "Sannu da aiki, Inna." Ta ɗago ta ce, "Yawwa 'yata, sannu," ta ci gaba da aikinta. Haka take amsa wa kowace yarinya mai wucewa, na sani. Duk da haka da kalmar nan na dawo Nguru, har yau ina juya ta.

Ki gaishe ta a zuciyarki, tunda ba ya faɗuwa.

Madina

Gashua, 6 ga Afrilu

Assalamu alaikum.

Ƙafar nan ba abin wasa ba ce. Da zarar wasiƙar nan ta iso a je asibiti a duba ta, kada a jira ni. Ranar Asabar zan zo da na'urar awon jini, na kuma samo sunan wata likita a Kano.

Inna ta gane muryar. Ranar ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta ce Yaya Ahmed yana cikin zaure a lokacin, shi ya sa ba ta riƙe hannunki ba. Ta ce in tambaya ko kina cin abinci, don ta ga kin rame.

Sai na zo.

Yayarki,
Amatullah