Inna Ta Hana a Sa wa Kifi Iska

Malbaza, watan uku, 1991

Zuwa ga maigidana Baban Hindu, a Ikko,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya aiki, yaya zaman baƙunta? Mu nan lafiya lau muke. Mahaifiyarka Inna tana gaishe ka. Ɗiyarka Hindu ta fara haƙora, tana cizon kowa, har ni da na haife ta.

To, ga maganar kifinka. Ka bar mini tafkin da ka gina a bakin garka, lambunmu na albasa, ka ce in karfasan nan sun yi, ka gama ci-rani, tafiyar bana ce ta ƙarshe. Na riƙe maganar nan gam, kada ma ka ce ka manta. Shi ya sa hankalina ya tashi. Zafi ya shigo, ruwa ya ja baya ya yi kore shar, kullum da safe sai in iske kifin sun taso sama suna buɗe baki. Na ɗauka yunwa ce, na ƙara musu dussa, ko kallonta ba su yi ba. Jiya na kwashe matattu a ƙwarya. Wallahi na yi kuka, kuma ba don kifin kaɗai ba.

Ƙanenka Tanimun ya kira Malam Hayatu, malamin kifi. Ya duba ya ce iska ce ta ƙare a ruwan. Ashe kifi ma numfashi yake yi! Ya ce hanya biyu ce. Ko a ba ruwan iska ta sama, a ja shi da injin ban-ruwa a watsa ya faɗo. Ko kuwa ta ƙasa, a samo injin da masu faci ke hura taya da shi, a huhhuda tiyo a shimfiɗa a gindin tafkin. Ta ƙasa ta fi kyau ga ruwa mai zurfi, ta sama ga marar zurfi. Namu iya ƙirjin Tanimun yake, ya ce mu zaɓa da kanmu.

Ka san Tanimun da son abin birni. Ya kafe a kan ta ƙasa, wai abokinsa mai faci a Konni zai ara mana injin. Ni ma na bi bayansa, don ba ta ɓarnar ruwa, ga bazara. Ka taya mu addu'a.

Matarka,
Saratu

Malbaza, watan huɗu, 1991

Baban Hindu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ciwon bayan da ka faɗa ya yi sauƙi. Ka zauna kafin ka karanta wannan, don dariya na iya kayar da kai, ko da yake ni lokacin ba dariya nake ba.

Tanimun, mai baki kamar rediyo, ya shigo gida ya ce wa Inna gobe zai ɗauko iska daga Konni ya sa a tafki. Inna ta saki ludayi tana salati. Ita a wurinta iska ɗaya ce, wadda ke hawa kan mutane. Ta ce ba a gidanta ba, ɗanta bai gina tafki don a ajiye mutanen ɓoye ba. Na ce iskar shaƙa ce, irin ta taya. Ta ce ai dama da daɗin baki suke shigowa.

Duk da haka munka gwada. Anka tada injin, sai ga ruwa yana ɓul-ɓul-ɓul daga ƙasa, babu hannun kowa a ciki. Baƙin taɓo ya taso da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Inna da ta biyo mu ta leƙa sau ɗaya, ta ce ga su nan sun fara numfashi, ta zuba da gudu. Ban san tana da sauran gudu haka ba! Kafin azahar gari ya ɗauka. Asma'u mai tuyar kifi, wadda munka yi da ita za ta kwashe su duka, ta aiko cewa ko kyauta ba ta son kifin iskoki.

Malam Hayatu ya ce warin tsohon taɓo ne, da mun riƙa tada injin kaɗan-kaɗan da ya lafa. Na yarda da shi. Amma ina amfanin kifi ya rayu, in ba mai cin shi? Na ce Tanimun ya mayar wa mai faci kayansa. Yana ta ƙunƙuni, wai na ji tsoron tsofaffi. Na ce ya je ya yi aure tukuna sannan ya koya mini zama da suruka.

Kifin suna nan suna haki, zuciyata ma haka. Ina kewarka ƙwarai.

Taka,
Saratu

Malbaza, watan biyar, 1991

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafi? Albishirinka!

Tunda an cire albasa, injin ban-ruwanmu yana kwance ba aiki. Munka kai shi bakin tafki, Tanimun ya ɗaure bakin tiyon a jikin gungume yana kallon sama, ya matse shi da igiyar roba. Da injin ya tashi, ruwa ya yi tsiri ya watsu yana sauka yaf-yaf. Wannan karon na ja kunnen ƙanenka, na ce in ya sake furta kalmar iska, ba shi ba tuwona. Na je na ce wa Inna ruwan sama za mu yi wa kifi, don zafi ya dame su. Ban yi ƙarya ba, ai zafin ya dame su.

Ta zo tana ɗari-ɗari, feshin ya taɓa mata fuska, sai ta yi murmushi ta ce wannan kam albarka ce. Yanzu ita ke tashe mu bayan sallar asuba, wai a je a yi wa bayin Allah ruwa. Ta sa an kai mata tabarma can. Duk wanda ya wuce sai ta faɗa mishi yadda ta kori iskoki daga tafkin ɗanta. Malam Hayatu ya ji, ya juya baya yana tari.

Gaskiya ruwa yana raguwa fiye da da, muna ƙarawa daga rijiyar garka, kuma ƙarar injin ta ishe ni. Amma ko ɗaya bai sake mutuwa ba. Sun daina tasowa, suna wawar dussa, sun yi ɓul-ɓul. Asma'u ta zo da kanta da kwandonta, tana ta kame-kame wai ba ita ta aiko ba. Na bar ta da kunyarta, na cika mata kwando.

Ga ƙunshin banda nan na ba direban da ke kawo maka takarda. Inna ce ta kyafe shi da hannunta. Ka ci ka shaida, kifi dai sun yi. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, gona tana jira, Hindu ta fara takawa kuma ba ka gani ba. Ka taho gida. Ka yi wa maƙwabtanka na Ikko sallama mai kyau, ka sayar da katifar, ka mayar wa mai ɗaki makullinsa.

Ina nan ina sauraren ƙarar mota.

Matarka mai ƙaunarka,
Saratu