Na Shanya Faifan Gwaji a Rana

Goggo Barakatu,

Don Allah ki taimake ni, maganar nan ko Innata ban faɗa mata ba. Ni 'yar Tafoki ce, shekarata sha bakwai. Da hutun nan kawuna ya samo mani aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaji na wani asibiti. Akwai wasu fayafayan gilashi masu murfi da ake ajewa a firij, da wani abu daskararre a ciki, wai abincin ƙwayoyin cuta ne. Malam Sanusi mai gwaji yakan ɗiga maganin idon da ake haɗawa a nan a kansu. In ba abin da ya tsiro, sai a raba wa mutane maganin.

Ran Alhamis ya tafi Funtuwa, ya ce in zuba wa firij kananzir, don da shi yake aiki. Ni kuwa na samu littafin soyayya, an kusa haɗa masoyan, har wutar firij ɗin ta mutu ban sani ba. Da na buɗe, murafen duk sun yi gumi. Goggo, a gidanmu duk abin da ya yi laima shanya shi ake yi. Sai na buɗe fayafayan na jera a taga kamar kuɓewa, suka sha rana, na maida. Da ya dawo har ya yaba mani, ni da ko ido ba na iya haɗawa da shi.

Ƙarshen wata zai gwada sabon haɗi da su. In na faɗa, da wane ido zai dube ni? Sau uku ina yaga takardar nan. Wannan kam gobe zan ba direban motar Faskari.

Mai Kunya

'Yata,

Na sa wasiƙarki gaban saura don kada wata ya ƙare. Na tambayi masu wannan aiki. Sun ce zafi da rana suna kashe ƙarfin abincin, buɗe murfi kuma yana shigar da ƙura. Ke nan ana iya zubar da magani mai kyau, ko gurɓatacce ya wuce ya shiga idon wani. Gumin ma maganinsa a kifa faifan, murfi a ƙasa, cikin sanyi.

Ba ke kaɗai ke da laifi ba, ya kamata a koya maki kafin a bar maki firij. Amma shirun naki ne. Gobe da safe ki gaishe shi, ki faɗa mashi duka, har da littafin. Zai yi faɗa, zai dafa wani abincin, magana ta ƙare. Kunyar yini ɗaya ce, ido kuwa biyu kawai mutum ke da su.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya yi maki albarka.

Goggo Barakatu