Sifiyun Baba

Litinin, 3 ga Maris

Na samu aiki. Mai kantin magani ta bakin titinmu za ta ɗora bene a kan shagonta, ta mai da shi ƙaramin asibiti, kuma ni ta ce in zana. Ni, mai digirin zanen gine-ginen da ya shekara biyu yana hutawa a ƙasan akwati. Sharaɗi ɗaya ne: Alhamis ta sama tana son hoton ginin kamar an riga an gama shi, har da inuwar tagogi, ta nuna wa ƙanenta da zai zuba kuɗin. Juma'a zai yi tafiya. In bai gani ba, aikin ya bi shi.

Na gwada a kwamfutar tebur da Yaya ya bar mini. Ta yi awa huɗu tana huci, ta fitar da rabin bango, ta ɗauke.

Talata, 4 ga Maris

Na kai ta wurin Mai Tabarau, mai gyara a layin masu waya. Ya buɗe, ya leƙa, ya yi irin fuskar likitan da ba ya son magana a gaban mara lafiya. Furosesar ce, in ji shi, ƙwaƙwalwar ta tsufa. Ya ajiye mini guda biyu a kan tebur, ɗaya an rubuta bakwai, ɗaya biyar. Na nuna bakwai da gadarar wadda ta ci lissafi a jami'a.

"Kowa ita yake nunawa, Malama. Wannan bakwan tsohuwar yayi ce, leburori huɗu gare ta, duk sun manyanta. Biyar ɗin sabuwa ce, leburori shida, majiya ƙarfi. Ke da gini, wanne za ki kai fili?"

Matsalar: biyar ba ta zama a tsohon madabod, allon da take hawa kai, kuma akwatin wutar da ke cikin tawa ba zai ɗauke ta ba. Abin da ke hannuna ya kai furosesa da allo. Bai kai akwatin wuta ba. Bakwai kuwa ɗorawa kawai za a yi, in tafi gida da canji.

Laraba, 5 ga Maris

Wuni na yi ina karanta ra'ayoyin mutane a intanet. Maza manya suna zagin juna a kan abin da bai kai biskit girma ba. Na fito da ciwon kai da tabbacin cewa Mai Tabarau ya fi su gaskiya.

Alhamis, 6 ga Maris

Wajen cin abincin rana Mama ta tambayi me ya hana ni sakewa. Na ce sabuwar sifiyu nake bukata. Da gangan na kira furosesar da sunanta na littafi, don a san an yi boko. Baba bai ɗago daga rediyonsa ba. Shekara talatin yana buga takardu a ofis, har yau aikina "zane-zanen nan naki" ne a bakinsa. Hmm kawai ya ce.

Asabar, 8 ga Maris

Da hantsi tasi ta tsaya a ƙofar gida. Baba ya fito rungume da wani ƙaton akwatin kwamfuta mai ruwan toka, ya ƙi yarda direba ya kama masa. Ya dire shi a tsakar falo yana haki.

"Uwata, ga sifiyu."

Ashe tsohon ofishinsu ne ke gwanjon kaya. A can, akwatin gaba ɗaya shi ne sifiyu, kowa haka yake kiransa, daga darakta har masinja. Na yi dariya. Na ce, "Baba, ai sifiyu ɗan abu ne a ciki, tafin hannu ya fi shi. Wannan gida ne kawai." Har da nuna girmansa da yatsu, kamar ina gaban aji.

Ya dubi akwatin, ya goge ƙurar samansa da hannun riga. "To, a ajiye. Ko tukunyar fure a ɗora a kai." Ya shiga ɗaki.

Mama ta dube ni, ta koma kan aikinta. Da ma faɗa ta yi mini.

Lahadi, 9 ga Maris

Ba dariyar raini na yi ba. Tun safe nake gaya wa kaina.

Litinin, 10 ga Maris

Na yanke shawara in sayi bakwan in huta, tsofaffin leburori ma ai suna gini, in an ba su kwana biyu. Na ɗauki akwatin Baba ta ƙofar baya, da niyyar Mai Tabarau ya karɓa ya rage mini wani abu. Wannan shafin ba zan so a karanta ba.

Ya kwance shi. Furosesar ciki, in ji shi, ta girmi bakwan. Sai ya tura tabarau goshi, ya ƙara sunkuyawa.

"Wa ya zaɓo miki wannan?"

Akwatin wutar ciki kusan sabo ne, mai ƙarfi, irin wanda kuɗina bai kai ba. Ga fanka biyu, ga fili iska na yawo. "Malama, wanda ya ɗauko wannan a cikin tarin gwanjo ba lalube ya yi ba. Ki sayi biyar ɗinki da allo, a nan ciki zan haɗa."

Na saya. Ban dawo da ko kuɗin mota ba, kuma a ƙafa na fi yin tunani.

Talata, 11 ga Maris

Na ɗauko kwamfutar. Na tarar da Baba a falo, na ajiye a gabansa, na gaya masa abin da mai gyara ya ce. Bai yi mamaki ba ko kaɗan.

"Ta darakta ce. Ni na buga takardar neman a canza mata wuta, wata uku kafin in yi ritaya. Shi kuwa bawan Allah ban da wasan kati ba abin da ya taɓa yi da ita."

Wato ni na wuni ina karanta faɗan mutanen intanet, shi kuwa ya bi akwatunan gwanjo yana neman lambar da ya buga da hannunsa.

Na so in ce wani abu. Na tambaye shi ko zai sha shayi.

Laraba, 12 ga Maris

Minti arba'in. Gini gaba ɗaya, da inuwar tagogi, da alamar kantin. Baba ya jawo kujera ya zauna bayana tun daga tushe har rufi, hoton yana fitowa layi-layi. Rediyo a kashe. Da ya kammala ya ce, "Matakalar nan, mai ciwon gwiwa zai iya hawa?"

Ba zai iya ba. Na rage tsayin kowace, na ƙara wurin hutawa a tsakiya. Wani minti arba'in. Bai tashi ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Ƙanen mai kantin ya daɗe yana kallo. Bai tanka inuwar tagogin da na sha wuya a kai ba. Matakalar ya yaba. An ba ni aikin.

Da na dawo na tarar Mama ta ɗauko tsumma za ta goge tebur, na ce, "Mama, a hankali da sifiyun nan." Akwatin nake nunawa.

Daga bayan rediyo Baba ya ce, "Na ji an ce ba sunansa ke nan ba."

Na yi kamar ina neman wani abu a jaka.