Mai Karanta Maka Ƙarshe

Bukan Sidi, Lafia.
Asabar ɗin ƙarshen wata.

Zuwa ga sanyin idona, hasken zuciyata, inuwar mangwarona a tsakiyar zafin bazara. Zuwa ga ruwan farko da ke sauka ƙasa ta ɗauki ƙamshi, Muhyiddin nawa, wanda ya rufe mini ƙofarsa amma ya kasa fita daga raina.

Assalamu alaikum. Yaya jikin? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Na fara da gaisuwa domin haka aka koya mini, amma ka sani mai rubuta maka a fusace take, kuma idonta bai bushe ba. Na kira wayarka har na gaji, ba ka ɗauka. To ga takarda, ita ba ta ƙara balle ka kife ta. Ƙanwarka Zuhra ce za ta kawo maka Doma, na kuma roƙe ta ta tsaya a kanka sai ka karanta duka, don na san halinka da ƙarshen abu.

Yanzun nan na dawo daga zamanmu na masu karatu, a bayan shagon littattafan Terhemba da ke hanyar Shendam. Komai yana nan yadda ka bar shi: bencinan nan biyu a gindin kashu, kowa ya ɗaga littafin da ya karanta a watan, ya faɗi abin da ya tarar a ciki, sannan ya ambaci wanda zai ɗauka a wata mai zuwa. Terhemba ya zo da wani jibgegen littafin tarihi da na tabbata ko rabinsa bai ci ba. Oga Akaa ya sake kawo na kiwon kifi, yana ta rantsuwa shi ma adabi ne. Gefen bencin da kake zama ka jingina da itacen, babu wanda ya zauna. Da layi ya zo kaina, hannuna wayam. Ƙawata Member ta dube ni ta ce da gurguwar Hausarta, "Huseina, kai ba ka karanta komai ba wannan wata? Abeg, ina Oga Muhyi?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai kuka ya riga maganar fitowa. Ni Huseina, mai bakin da ke hana kowa sakat a wurin nan, yau ni aka riƙa lallashi da ruwan leda.

Ya abin ƙaunata, ka tuna ranar da ka fara zuwa? Daga kasuwar riɗi ka taho, ƙaiƙayi bai ma gama sauka daga hularka ba. Ƙaton mutum, da ka zauna sai da bencin ya yi ƙara. Ka ɗaga littafinka ka yi ta ba da labarinsa da wata murya mai taushi da ba ta dace da girman jikinka ba, har muka yi tsit. Sai Terhemba ya tambaye ka yadda ka ga ƙarshensa. Ka sosa ƙeya ka ce ba ka karanta ba, kuma ba za ka karanta ba. Wai kai da zarar ka shinshino mutuwa a gaba sai ka rufe littafin, ka bar mutanen ciki da ransu. Wurin ya kaure da dariya, tawa kuwa ta fi ta kowa ƙarfi. Da aka tashi ina bakin titi ina jiran keke, sai ga ka a bayana riƙe da wani mai shuɗin bango, ka yi ƙasa da murya kamar mai tambayar maganin ɓoyayyen ciwo. "Malama, an ce kin karanta wannan. Don Allah yarinyar nan marar lafiya, ta tashi?" Na ce ni ba na faɗin ƙarshen labari. Ka tsaya kana juya littafin a hannu, har tausayinka ya kama ni na ce ta tashi. Wayyo, wannan murmushin! Na shiga keke na wuce layinmu ban sani ba, sai da mai keken ya tambaye ni ko har garin Shabu za ni.

Tun daga ranar aka ɗora mini aiki. Duk wata ka faɗi littafin da ranka yake so, ni in fara ɗauka in cinye shi, in dawo maka da ɗayan biyu: "Shiga," ko "Kada ka shiga." Terhemba har suna ya sa mini, wai Kwastan, tunda babu littafin da zai isa hannunka bai bi ta shingena ba. Na tsokane ka iya tsokana, har ranar da muka raka Member bikin ƙanwarta a Agyaragu. Muna zaune kan wani kututture daura da masu lodin doya ka gaya mini cewa mahaifiyarka da yayanka a damina ɗaya ka sa su a ƙasa. Ka ce duniya ta ba ka baƙin ciki kyauta, ba za ka je kanti ka sayo ƙari ba. Ban sake yi maka dariya a kan wannan ba. A ranar kuma na san ko ba ka aiko gidanmu ba, ni dai na riga na zama taka.

Ka aiko ɗin kuwa. Aka yi gaisuwa, aka sa rana, Inna ta fara tara kwanuka a ƙarƙashin gado.

Sai damina ta shigo, ƙafafunka suka fara kumbura har takalmi ya daina shiga. Ka ce tsayuwar kasuwa ce. Fuskarka ta tasa, ka ce hutu ne ya karɓe ka. Zaman wata ya zo ba ka zo ba. Daga bakin Zuhra na ji cewa ƙoda ce, duka biyun, kuma an fara yi maka wankinta a asibiti. Motar da ke kawo ka ta bakin layinmu take wucewa, Muhyiddin, amma ko sau ɗaya ba ka ce a tsaya ba. Ban gama haɗiye wannan ba sai ga baffanka, Baffa Salmanu, a ƙofar gidanmu. Na ɗauka maganar biki ce ta kawo shi, har da rawar jikina wajen yanka masa lemo. Ina bayan labule na ji yana ce wa Baba a yi haƙuri, yaron ya ce a janye maganar. Kafin la'asar saƙonka ya shigo wayata, shi ne kuma na ƙarshe da na samu daga gare ka: "Huseina, wannan karon ni na riga ki karantawa. Kada ki shiga."

Kai! Wa ya ba ka aikina? Yaushe ka zama mai karanta ƙarshe, kai da ko na labarin ƙanzon kurege ba ka taɓa yarda ka gani ba? Me ka karanta? Fuskar likita ka duba, ka shinshino abin da kake tsoro, ka rufe kamar yadda ka saba. To ni ba mutumin cikin takarda ba ce da za a rufe a kaina in tsaya cak a inda aka bar ni. Ina kwana, ina tashi, ina zuwa makaranta in tsaya gaban allo in manta abin da nake koyarwa. Kuma ƙarshen naka a hannun wa yake? Likita ne ya rubuta shi, ko kai? Mutum nawa aka yi wa wankin nan suka yi shekaru suna cin tuwo da iyalansu? Mutum nawa masu lafiya garau suka fita da safe ba su dawo ba? Da ni ce ƙafafuna suka kumbura, ashe janyewa za ka yi? Ka amsa mini wannan tsakaninka da Allah.

Ya farin watana, bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba game da littattafan da na hana ka. Duk na karanta su har shafin ƙarshe, ni kaɗai, na yi kukana na share, kuma babu ko ɗaya da na yi da-na-sanin buɗewa. Ka tuna mai koren bangon nan na wani masunci, wanda ka so ɗauka bara na ce kada ka shiga? Matarsa ce ta kwanta ciwo har hannuwanta suka daina ɗaguwa, ta kasa gyara kanta. Sai mutumin nan, da bai iya komai ba sai saƙar koma, ya zaunar da ita tsakanin ƙafafunsa yana koyon kitso. Ya yi mata wani karkatacce, kowane layi da inda ya nufa, matan unguwa suka zo dubiya suka yi ta dariya, ita ma ta yi har tana tari. Ta rasu, gaskiya ne, shi ya sa na hana ka. Amma har gobe in littafin ya faɗo mini a rai, ba makabartar nake tunawa ba, kitson nake tunawa. Irin waɗannan shafukan ne ka yi ta tsallakewa, su kuma kake so yanzu ka ƙwace mini.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ina jin tsoro. Tsoro sosai. Na je na zauna da wata ƙawar Member da ke aikin jinya, na ce kada ta rage mini komai. Ta faɗa mini batun allurai, da na'urar da jini ke zagayawa ta cikinta, da ranakun da ba za ka iya ɗaga kai daga matashi ba, da ranakun da za ka yi ta faɗa ba dalili. Ta faɗa mini har abin da ba na son rubutawa. Na saurara duka, na yi mata godiya, na fito ina nan a kan bakana.

Ka zauna ka yi tunanin abin da kake shirya mini kuwa? Kana ganin kana tsare ni daga takaba. To in abin da kake tsoro ya faru, Allah Ya kiyaye, alhali babu igiyarka a kaina, wace ce ni a gidanku? Baƙuwa. In sa mayafi in bi ayarin mata zuwa Doma, in durƙusa in yi wa danginka gaisuwa, a ce mini an gode, in tashi in ba wasu wuri. Kowa a yi masa ta'aziyyarka, ni babu mai yi mini. In dawo gida a riƙa ce mini ai Allah Ya taimake ni da ba a ɗaura ba! Wannan ne tausayin da kake mini? Wallahi gara in yi jinyarka a matsayin matarka, ko ta wata ɗaya ce ko ta shekara talatin, da in zauna lafiya lau a ɗakin Inna ina jin labarinka a bakin mutane.

Baba bai karɓi maganar Baffa ba. Ya ce masa ba shi zai zauna da kai ba, sai ya tambayi mai zaman. Ya kira ni, na faɗa masa abin da na faɗa maka yanzu. Daga baya ya aika wa Baffa cewa rana tana nan inda aka sa ta, sai fa in kai da kanka ka zo, ka dube ni, ka ce ba ka so na. Don haka magana ta dawo hannunka. Ina roƙonka, ya sanyin raina, don girman Allah, don darajar mahaifiyarka da ke kwance, kada ka zo da wannan kalmar. In kuwa za ka iya kallon idona ka faɗe ta, to ka zo, ina jira, zan ma shimfiɗa maka tabarma.

Da za a tashi yau Terhemba ya tambaye ni littafin da zan ɗauka wata mai zuwa. Na ce ban sani ba tukuna, sai na ji daga Doma.

Tare da takardar nan Zuhra za ta miƙa maka ƙaramar kula. Miyar kuɓewa ce. Mai jinyar ta ce masu ciwonka ba sa cin gishiri, ba magi, ba kanwa. Ka san ni jikar masu dafa gishiri ce, kakata a Awe ta tsufa a bakin tukunyarsa, a gidanmu kuwa miyar da gishiri bai ji ba zagi ce. Tun ranar da na ji wannan nake shiga madafa in yi tukunyata daban, ina gwada citta, ina gwada tafarnuwa da albasa, kuma ita nake ci don harshena ya saba kafin in tare. Ta farko Inna ta ɗanɗana ta tofar, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta gane ko ta wace ce, ta juya ta shige ɗaki. Wannan da na aiko maka ita ce mafi dama-dama a cikinsu, kuma na sani har yanzu ba ta yi daɗi ba. Ka ci hakanan kafin ka ba ni amsa. Zan iya ta, Muhyiddin, hannuna yana faɗawa a hankali. Lokaci kawai nake bukata, da wanda zai ci ya ce mini ta yi ko ba ta yi ba.

Taka a lafiya, taka a ciwo, wadda ba ta da wani bayanka kuma ba ta nema,

Huseina.